Popeye na jabu da gardamar kwafi

Talata. Hazo tun asuba, ƙura har cikin aljihun tebur. Abin da ya tsaya mini a rai yau bai taka kara ya karya ba, amma ga shi dare ya yi bai sake ni ba.

Bayan azahar Nura ya miƙo mini wayarsa. "Malam, kullum kana cewa mutanen da sun fi mu iya zane. To ga Popeye ɗinka nan, dubi yadda yake tsalle-tsalle kamar an cire masa wani abu." Gaskiyarsa, an cire masa wani abu. Abin da yake kallo ba zanen kamfanin Fleischer, masu katun ɗin Popeye na asali, ba ne. A 1987 aka kwashi tsofaffin finafinan Popeye marasa launi aka kai Koriya ta Kudu, aka sa masu zane su bi su da alƙalami su sake zana su da launi, don gidajen talabijin sun daina son baƙi da fari. Fim yana tafiya da firem 24, wato hotuna ɗaiɗaiku 24, a kowace daƙiƙa. Masu kwafin suka riƙa zana ɗaya suna tsallake ɗaya, aka koma zane 12. A tafiya ta hankali ba za ka lura ba, amma a wurin naushi ko gudu, inda kowane firem ke ɗauke da nasa rabon motsin, rabin aikin ya tafi. Alamomin jabun a bayyane suke. Layin tawada kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, alhali na asali yana kumbura yana sirancewa. Bangon baya ya zama shafaffe, babu zurfi. Launin kuma ya yi kauri ya cinye ƙananan abubuwa irin su tsagar bulo da rubutun allunan shaguna. Wanda yake son na gaskiya ya nemi baƙi da farin da aka gyara daga fim ɗin asali, an fara fitar da su a faifan DVD a 2007.

Nura ya ɗauka ma aikin Disney ne. Yawancin yaranmu haka suke, duk tsohon katun na Disney ne a wurinsu. Fleischer wa da ƙane ne, Max da Dave, 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka. An haifi Max a Krakow a 1883, Dave kuwa a New York a 1894. Kamfaninsu a tsakiyar New York ya tashi, a titin Broadway, nesa da Kalifoniya, shi ya sa finafinansu ke ɗauke da benaye masu dauɗa da tashar jiragen ruwa da kiɗan gidajen rawa na dare. Max mutum ne mai kan injiniya. A 1915 ya nemi takardar mallakar wata na'ura da ya ƙera, rotoskof, aka ba shi a 1917. Aikinta ba shi da wuyar fahimta. A ɗauki mutum da kyamara yana motsi. A ɗora fim ɗin a kan majigi da ke haskawa ta bayan gilashi mai dishi-dishi. Mai zane ya ɗora takarda a kan gilashin, ya soke ta a ƙusoshin da ke hana ta gocewa, ya bi siffar mutumin da fensir, ya murɗa majigin firem ɗaya gaba, ya sa sabuwar takarda. Dave ne ya sa kayan ɗan barkwanci aka ɗauke shi, daga nan aka samu Koko, wanda ke fitowa daga kurtun tawada ya dami Max a kan teburinsa. Sun fara a ƙarƙashin kamfanin Bray, a 1921 suka buɗe nasu, a 1929 ya koma Fleischer Studios, Paramount na raba musu finafinai.

A nan ne Nura ya ce abin da ya cinye mana yammacin. "To Malam, ai shi ma kwafi ne. Su sun kwafi mutum, 'yan Koriya sun kwafe su. Mene ne bambancin?"

Tambayar tana da ƙarfi, kuma amsarta tana cikin aikin Fleischer ɗin kansa, domin sun yi rotoskof mai kyau sun kuma yi marar kyau. Idan ka bi hoton mutum layi bisa layi, abubuwa uku ke lalacewa. Layin yana rawa, saboda hoton abu mai motsi gefensa a dushe yake, hannunka zai zaɓi wuri daban a kowace takarda, idan aka jera su sai jikin ya riƙa tafasa. Ƙafa tana sulɓi a ƙasa, don babu wanda ya kafe tafin a wuri ɗaya tsakanin zane da zane. Na ukun shi ne babba, nauyi yana ɓacewa. A hoto na gaske inuwa da lanƙwasar tufa da girgizar tsoka su ke gaya wa ido cewa wannan jiki yana da nauyi. Zanen layi ba ya ɗauke da su, sai mutum ya zama kamar yana shawagi. Maganinsa shi ne ka ɗauki lokaci kawai daga fim ɗin, wato a firem na nawa ƙafa ta taɓa ƙasa, a na nawa ƙugu ya sauka, a na nawa kai ya juya. Ka zana waɗannan manyan tsayuwar, ka ƙara musu: inda mutumin ya durƙusa kaɗan ka durƙusar da shi sosai, inda ya miƙe ka ja shi fiye da yadda ƙashi zai yarda. Sauran ka ajiye hoton ka cike da hannunka.

Haka suka yi da mawaƙi Cab Calloway a 1932 da 1933. Sun ɗauki rawarsa, wannan tafiyar tasa ta sulale-sulale da baya, suka ɗora ta a kan fatalwar wata dabbar teku mai dogayen haure a Minnie the Moocher, sannan a kan Koko a Snow-White na Betty Boop, budurwar katun ɗin nan tasu. A na biyun Koko yana rikiɗewa ya zama fatalwa mai dogayen ƙafafu, jikinsa yana sauya siffa da kalmomin waƙar, amma duk inda ƙugu ya karye na Calloway ne, babu mai shakka. Roland Crandall kusan shi kaɗai ya zana wannan fim, wata shida yana kai. Sai ka ɗauko Gulliver's Travels na 1939. An ɗauki wani mai gabatar da shiri a rediyo, Sam Parker, aka bi shi da aminci, babu ƙari babu ragi. Gulliver ya fito sumul amma a sandare, ƙananan mutanen da ke kewaye da shi kuma suna tsalle irin na katun, kai ka ce daga finafinai biyu aka yanko su. Na'ura ɗaya, kamfani ɗaya. Wanda ya zana Calloway ya san dalilin kowane motsi kafin ya taɓa shi. Mai kwafin 1987 ba a ba shi lokacin da zai sani ba, an ba shi adadin takardun da zai cika ne.

Nura bai gamsu duka ba. Ya ce in haka ne laifin mai ba da aiki ne, ba na mai zane ba. A nan kam na yarda da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai a jabun shi ne bangon baya. Max ya ƙera wani tebur mai juyawa, faɗinsa ƙafa 12. A kansa ake gina gari ko kogo ko daji na 'yan ƙananan gine-gine na gaske, na kusa manya, suna ƙanƙancewa yayin da suke nufar tsakiyar teburin. Kyamara tana kwance tana kallon gaba, a gabanta an tsayar da zanen a kan takardar roba mai haske tsakanin gilasai. A ɗauki firem ɗaya, a murɗa teburin ɗan kaɗan, a canza zane. Da yake gefen faifai ya fi tsakiyarsa saurin tafiya, abin da ke kusa yana wucewa da sauri, na nesa a hankali, daidai yadda ido ya saba gani. Wahalarsa ita ce dole zanen da ke gaba da ginin da ke baya su fito tar a lokaci guda, sai an tsuke idon kyamara, an ƙara fitilu, an daɗe ana ɗaukar kowane firem. Kuma ya fi dacewa da tafiyar gefe, shi ya sa za ka ga Popeye yana ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. An ga ƙarfinsa a manyan finafinan Popeye masu launi, na Sindbad a 1936 da na Ali Baba a 1937, labaran da duk wanda ya taso da Dare Dubu da Ɗaya ya san su. Kogon 'yan fashin nan gini ne da aka haska da fitila. A marasa launin da aka sake zanawa, duk wannan ya koma fenti a kan takarda.

Ƙananan maganganun da Popeye ke gunaguni da su bakinsa a rufe, su ma ba kuskure ba ne. Fleischer sukan gama zane kafin su ɗauki murya, sai Jack Mercer ya riƙa cusa nasa a inda ya ga sarari.

La'asar. Yaya Rabi ta aiko da dambu. Maganar kuɗin hayar shago an sake ɗagawa.

Da dare ne abin ya juye mini zuwa wani tunani. Su Fleischer, mutanen da suka haɗa zane da sauti tun 1924 zuwa 1926, da 'yar ƙwallon nan mai tsalle a kan kalmomin waƙa, kafin Mickey na Disney ya yi fito a 1928, ba su kai 1943 da kamfaninsu a hannu ba. A 1934 dokar tace finafinai ta sa aka tsawaita wa Betty Boop riga aka mai da ita 'yar zaman gida, farin jininta ya dushe. A 1937 ma'aikata suka yi yajin aiki na wata biyar kan albashi da yawan aiki. A 1938 aka kwashe kamfanin zuwa Miami da bashin Paramount, aka cika shi da sababbin ma'aikata don a gama Gulliver cikin ƙasa da shekara biyu. Wajen ƙarshen 1939 wa da ƙane sun daina yi wa juna magana, sai dai takarda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1941 Paramount ta karɓi ragama, dogon fim ɗinsu na biyu, Mr. Bug Goes to Town, an fara nuna shi a watan da Japan ta kai wa Amurka harin Pearl Harbor, bai yi kasuwa ba, a 1942 aka sauya wa wurin suna zuwa Famous Studios, surukin Max, Seymour Kneitel, yana cikin shugabanninsa. Abin takaici, a daidai wannan rikici suka yi Superman, wanda na farkonsa ya ci dala 50,000, da inuwa da hasken da har yau ake koyo daga gare su. Finafinan Superman tara suka yi, Famous ta ƙarasa takwas. Max da Dave ba su ƙara aiki tare ba. Max ya rasu a 1972, Dave a 1979. Ɗan Max, Richard, shi ne ya ba da umarnin wani babban fim na Disney a 1954.

Aikin bai mutu ba, sunan ne ya ɓace. Masu katun ɗin Batman na 1992 daga Superman ɗin nan suka ɗauko duhu da siffar gine-ginensu. Wasan kwamfuta na Cuphead a 2017 an zana shi ne a takarda da tawada, bangonsa da fentin ruwa, don a kamo wannan lanƙwasar hannu da ƙafa ta shekarun 1930. Duk mai tace bidiyo da ke yanke mutum daga bangonsa firem bayan firem, aikin Max yake yi da linzamin kwamfuta, kuma matsalarsa ita ce dai ta 1915: gefe yana rawa idan ya bi kowane firem da sabon layi. Gara ya kafa siffa a manyan tsayuwa, ya raba jiki gaɓa-gaɓa, hannu daban, kai daban, ya bar manhaja ta cike tsakani, ya dawo ya gyara inda ta goce.

Gobe sai na leƙa Sabon Gari neman gilashi mai kaurin milimita 5. Na teburin ajin safe ya tsage daga kusurwa, zafin ƙwan fitilar da ke ƙarƙashinsa ya yi yawa, dole a koma mai sanyi.