Yadda Muka Nemi Tallafin Gwamnati Don Binciken Sadarwar Tauraron Ɗan'adam

Ina koyarwa a sashen injiniyan lantarki na wata jami'ar gwamnati a Arewa, kuma ni na jagoranci abokan aikina muka nemi tallafi daga Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati. Duk wanda ya ji sai ya tambaye ni ko tauraro za mu ƙera. Ina! Kuɗin bincike bai kai ko kusa ba. NigComSat-1R, tauraron sadarwa na Najeriya da muke da shi a sama, kamfanin China ne ya ƙera shi, aka harba a Disamba 2011 daga Xichang da ke China, ya maye gurbin na farko da aka harba a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar fukafukan sola. Wannan harka ce ta gwamnati da gwamnati. Rabon malamin jami'a yana ƙasa, wurin da sigina ke sauka.

Matsalar da muka ɗauko ƙarama ce, amma duk mai dish a gidansa ya san ta: da hadari ya haɗu, hoto ya ɗauke. Tauraron namu yana zaune a digiri 42.5 gabas, kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, don haka dish a ƙasar Hausa gabas yake kallo, can kuma hadarinmu ke tasowa. Ruwan Yuli da Agusta ba ya daɗewa amma da ƙarfi yake zuba, yana cinye siginar zangon Ku, na Ka kuwa ya fi jin jiki (Ku da Ka zangunan rediyo ne da tauraro ke aiko da sigina ta cikinsu). Mai kallon ƙwallo zai yi tsaki ya jira. Ƙaramin asibitin ƙauye da ke son tura bayanan mara lafiya zuwa birni ba shi da wannan sararin. Muka ce za mu auna yadda ruwa ke rage sigina a yankinmu damina bayan damina, mu haɗa akwatin karɓa mai aiki da sola wanda zai riƙa rage gudun bayanai da kansa idan hadari ya taso maimakon ya yanke gaba ɗaya.

Matakan neman uku ne: taƙaitaccen bayani, cikakkiyar takarda ga wanda ya tsallake, sannan a kira ka ka kare ta a gaban kwamiti. A taƙaitaccen bayani ban ɓata layi ko ɗaya wajen yabon kimiyyar sararin samaniya ba. Masu karantawa sun gaji da jin haka. Asibiti na sa a gaba, tauraro ya biyo baya. Mun kuma sa malamar kiwon lafiyar al'umma da masanin yanayi cikin tawaga, muka haɗa da wasiƙar hukumar lafiya ta jiha cewa za ta ba mu wurin gwaji.

A gaban kwamiti aka yi mini tambayar da na san tana tafe. Wani dattijon farfesa ya kawo zancen Starlink, kamfanin da ke ba da intanet ta tauraro, ya ce, "Malam, Starlink ta shigo Najeriya tun Janairu 2023, taurarinta suna kusa da ƙasa, sun fi sauri. Shi kuma 1R shekara 15 aka tsara masa. Me za mu yi da aikinka idan ya tsaya?" Na ce, ranka ya daɗe, ruwan sama bai san tauraron wa yake tarewa ba. Starlink ma da zangon Ku take isa gidajen mutane. Ma'aunin da za mu tara zai yi wa duk wanda zai harba tauraro na gaba amfani, domin lissafin da ake dogara da shi yanzu na Hukumar Sadarwa ta Duniya ne, kuma yana buƙatar awon cikin gida kafin a gasgata shi a Katsina ko Nguru. Ya gyaɗa kai, aka wuce zuwa kasafi.

Kasafin kuwa shi ne inda aikin ya fi ba mu wuya. Kusan duk kayan awo daga waje ake sayo su da dala, tallafi kuma da naira ake bayarwa, kashi-kashi, ta asusun jami'a. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Da aka ba mu tallafin, na'urar duba zangon sigina da muka rubuta ta fi ƙarfinmu. Abin da ya cece mu shi ne mun riga mun rubuta hanya ta biyu a takarda: ƙananan rediyoyi masu aiki da manhaja, masu araha, da dish ɗin kasuwa da muka gyara wa ƙafa a wurin masu walda. Da yake yana cikin abin da aka amince, ba mu sha doguwar wasiƙar neman izinin canji ba. Mai shirin nema ya sa kuɗin kwastan da na tantance kaya a Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) tun farko, kada su zo masa da rana tsaka.

Sauran aikin rasidai ne. Kashi na biyu ba ya fitowa sai an ga rahoto da shaidar kowane kwabo na farko, har kuɗin man mota zuwa ƙauye. Na ɗora wa ɗalibi ɗaya na digiri na biyu wannan aikin, na kuma mai da akawun sashenmu aboki.

Wani abu da ba mu sa a takarda ba ya fito a rani. Ƙurar hunturu ba ta taɓa siginar sosai, amma tana rufe faifan sola, zafin Afrilu kuma yana gajiyar da batir. Yanzu mai gadin asibitin da muke gwaji a ciki ne ke goge faifan kowace safiya, kuma mun sa alawus ɗinsa a kasafin kashi na biyu.