Iskar da ta ba ni wuya a kan madatsar Afsluitdijk

Den Oever ƙaramin ƙauyen masunta ne a arewacin ƙasar Holan, kuma daga bakinsa madatsar Afsluitdijk ta miƙe kilomita 32 a tsakiyar ruwa har lardin Friesland. Tun da aka toshe giɓinta na ƙarshe ranar 28 ga Mayu, 1932, tekun Zuiderzee ya rabu biyu, ɓangaren ciki ya zama tafkin ruwan daɗi da ake kira IJsselmeer. Na je ƙauyen kafin a fara babban gyaran madatsar a 2019, da niyyar tsallake ta a kan keken haya in dawo kafin magariba.

Zuwa kam babu abin faɗa. Na wuce ƙofofin ruwa na Stevin, inda ake sakin ruwan tafkin cikin teku idan ya janye, na wuce mutum-mutumin injiniya Cornelis Lely wanda ya tsara aikin amma ya rasu a 1929 bai ga ƙarshensa ba, na ɗan tsaya a hasumiyar da aka gina a daidai inda aka rufe tekun. Keke yana gudu kamar ana tura shi, ni kuwa ina ta yaba wa ƙarfin ƙafata. Ashe iska ce.

A wannan yanki iska ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, madatsar kuma ta nufi arewa maso gabas, saboda haka wanda ya tashi daga Den Oever tana bayansa, mai komowa kuwa tana dukan ƙirjinsa daga farko har ƙarshe. Da na juyo daga Kornwerderzand, kusa da ƙarshen madatsar ta ɓangaren Friesland, na gane haka tun ban yi nisa ba. Babu bishiya, babu kwana, babu gangaren da mutum zai saki feda ya huta, kuma tudun madatsar bai kare komai ba domin iskar tana bin tsawonsa ne. Ta fi hunturun da na sani naci, don ita ba ta lafawa da tsakar rana. Sau da yawa sai in sauka in tura, motoci suna wucewa a kan babbar hanyar A7 da ke gefena. Ruwan shana ya ƙare tun kafin Breezanddijk, wanda a taswira yake kama da gari, alhali ɗan tsibiri ne da aka yi wa ma'aikata lokacin gini.

Na iso bayan an rufe shagon haya, dole na kwana a masauki mai tsada, na biya kuɗin kwana guda na keke a kai. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne ƙauyen da kansa ban more shi ba. Jiragen kamun jatan lande masu alamar WR suna jere a tashar, alamar Wieringen ke nan, yankin da ƙauyen yake, wanda tsibiri ne har 1924, amma na wuce su da safe ina sauri, da dare kuma ko ɗaga kai ban iya ba.

Mai niyyar wannan tafiya ya duba inda iska ta fuskanta kafin ya duba ko za a yi ruwan sama, kuma idan zuwa da dawowa zai yi, ya fara da ɓangaren wahala tun yana da ƙarfi, wato ya tashi daga Friesland idan iskar kudu maso yamma ce. Ya kuma tabbatar hanyar keke a buɗe take, domin aikin gyaran ya sa an rufe ta shekaru, ana tsallakar da mahaya a motar bas. Ya ɗauki ruwa ninkin abin da yake zato, ya tambayi lokacin rufe shagon haya tun kafin ya karɓi keken.