Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mini a Kan Birkin Mashin Ɗina

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, kafaɗata ta saki, mashin ma ya koma kan titi, don haka ya zama wajibi in fito in yi godiya.

Ga waɗanda ba su ji ba: bayan an canza mini tiyon birki a wani gareji, na taka birkin ƙafa a kan gangara, sai ya nutse har ƙasa bai kama ba. Na damƙe na hannu da ƙarfi, taya ta zame, na faɗi. Bayin Allah da ban sani ba su suka ɗaga mashin daga kan ƙafata, wani ya tare motoci, wani ya kai ni asibiti. Ban san sunan kowa a cikinku ba, amma Allah Ya sani. Ya saka muku da mafificin alheri.

Godiya ta musamman ga dattijon bakaniken da ya karɓi aikin daga baya. Yana ganin mashin ɗin, Honda VFR800 ƙirar 1998, ya ce, "Ɗana, wannan birkinsa haɗe yake, ba a cire masa iska da ka." Ya ƙi taɓa sifana sai da aka samo littafin gyaran kamfani. A nan na san na zo hannu na gari.

Shi ya fahimtar da ni abin da nake hawa. Kowace kalifa, wato abin da ke damƙe faifan birki, fistin uku gare ta. Birkin hannu na tura biyu na gefe a tayar gaba, birkin ƙafa kuma na kama baya ya kuma tura na tsakiya a gaba. Sannan kalifar gaba ta hagu ba a kafe take ba: idan ta kama faifai sai ta ɗan juya, ta danna wata ƙaramar masta ta biyu, wato famfon da ke tura man birki, ita kuma ta aika mai zuwa tayar baya ta cikin bawul mai daidaita ƙarfi. Layuka sun yi yawa, lunguna sun yi yawa, iska kuwa lungu take so. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa, shi ya sa ƙafa ke nutsewa kamar an taka soso.

Na zauna a gefe da hannu a rataye ina kallo. Baba ya sa siririn tiyo mai garai-garai a bakin notin fitar da iska, ɗaya bakin cikin kwalba. Yaronsa na taka birki yana riƙewa, Baba ya buɗe noti, ya rufe, sannan ya ce, "Saki." Ba a sakin ƙafa noti na buɗe, in ba haka ba iska ta koma. Suka bi notocin ɗaya bayan ɗaya yadda littafi ya jera, har da na jikin bawul ɗin nan da mutane ke mantawa. Duk da haka birki bai yi tauri ba. Sai ya kwance kalifar hagu, ya karkata ta a hannunsa, ya ɗan bubbuga ta da ƙotar sukundireba. Ina gani ƙananan kumfa suka jero cikin tiyo, sannan wani babba ya biyo su, mai ya fito tas. Wallahi sai da idona ya ciko.

Yaron nan ma ya cancanci yabo. Idonsa bai bar tukunyar mai ba, yana ƙara man birki nau'in DOT 4 daga sabuwar roba kafin ta yi ƙasa, yana goge duk ɗigon da ya taɓa fenti, don man birki na cin fenti. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gaji maigidanka.

Na gode wa abokina da ya nemo shafukan littafin cikin dare, da 'yan'uwa mahaya da suka yi ta kira suna jaje. Uwargida, ke kika sha jinya da fargaba, ba ni da bakin gode miki.

Baba ya ja kunnena cewa man birki na tsotsar danshi, a canza shi duk shekara 2. Duk mai irin wannan mashin da ke buƙatar jerin notocin, ya yi mini magana in tura masa. Allah Ya tsare mu a kan hanya, amin.