Motar tsere mai taya shida da na tsinto a Kejetia

A cikin kwandon kayan wasan yara na gwanjo na gan ta a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ƙarƙashin wata 'yar tsana marar kai. Tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba. Da na ƙirga tayoyinta na ga huɗu ƙanana a gaba, biyu manya a baya, sai gabana ya faɗi. Samfurin roba ne na motar tsere Tyrrell P34, irin wanda mutum ke haɗawa da kansa, na kamfanin Tamiya, wanda aka rage girmansa sau 20. Da irin ta gasken Jody Scheckter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ci tseren Suwidin a 1976. Ban ma yi ciniki ba, na biya na kama hanyar Aboabo.

Wanda ya fara haɗa ta bai tausaya mata ba. Gam ya malale ko'ina, fentin shuɗi ya yi kauri kamar kunu, har kan injin Cosworth ɗin ya shafa. Tayoyin gaba kowacce na kallon gabanta.

Na sa ta a leda, ta kwana biyu a firizar maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara. Sanyi na sa tsohon gam ya yi gautsi. Wasu sassan suka ɓalle da ɗan taɓi da reza. Inda aka zuba gam mai narkar da roba kuwa, sun riga sun zama jiki ɗaya, sai yanka.

Fenti ne ya ja mini baƙin ciki. Na ƙosa in ga robar asali, na ɗauko tina irin ta masu fentin mota na jiƙa auduga na goga a hancin. Kafin in ɗaga hannu robar ta yi laushi, audugar ta manne, hancin ya lotsa. Na daɗe zaune ina kallonsa.

Washegari na kai wa kawuna da ke gyaran birki a Suame Magazine, unguwar makanikai. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce, "Kai yaro, roba ce fa, ba ƙarfe ba. Ka tambayi wa?" Na ce, "Ban tambayi kowa ba, Kawu." Ya tsiyaya mini man birki a gwangwanin madara, ya ce in fara gwadawa a wurin da ido ba ya gani. Kwana ɗaya a ciki, fentin ya tattare kamar fatar dafaffen tumatir, tsohon buroshin haƙori ya ƙarasa aikin. Na wanke da sabulu sau uku, don in man ya saura sabon fenti ba zai zauna ba, kuma in ya daɗe a jiki robar kan tsage.

Hancin ya ci mini sati biyu: in cike, in bari ya bushe, in goge da samfefa mai laushi da ruwa, in sake. Sannan hunturu ya shigo. Feshin farko ƙura ta zauna a kai kamar an barbaɗa gari. Daga nan sai da asuba nake fesawa, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa, in kife kwali a kai nan take. Shafa uku marasa kauri sun fi ɗaya mai nauyi kyau nesa ba kusa ba.

Da na buɗe ƙasan kujerar direba, na tarar da shatin yatsa a cikin busasshen gam, ɗan ƙarami, bai kai rabin babban yatsana ba. Ashe yaro ne ya haɗa ta, a wata ƙasa, wataƙila tun kafin a haife ni. Duk fushin da nake yi da shi ya tafi. Na goge ko'ina, wannan wurin na bar shi yadda yake, na mayar da kujerar a kai.

Yanzu tana kan kabad, lamba 3 a hancinta. Ƙanena ya gano cewa in ka tura tayar gaba ɗaya da tsinke, duka huɗun suna juyawa tare.