Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Juma'ar da na je Wudil ba ɗan jagora

Makon jiya na tsaya a inda Malam, makahon nan da ya yi karatu a makarantar Tudun Maliki ta Kano, ya karɓe gorata ya miƙo mini farar sanda. Shekara shida gorar nan tana hannuna, tun da hawan jinin ido ya gama da ni. Ina riƙe da gindinta, ɗan ƙanena yana riƙe da kanta, yana ja ina bi. Sa'o'insa suna aji huɗu a firamare, shi kuwa ajinsa bai wuce jan Baffa daga masallaci zuwa kasuwa ba. Wannan abu ya fi makantar ci mini rai, ko da yake ban taɓa furtawa ba.

Sandar ba nauyi, tana naɗewa gida huɗu, tsawonta ya kawo mini ƙirji. Malam ya tsaya bayana ya kama wuyan hannuna. "Ba dogarawa ake yi ba, Malam, tambaya ake yi. In ƙafar dama za ta fita, sanda ta taɓa hagu. In ta hagu ce, ta taɓa dama. Kada ka taka inda ba ta riga ka zuwa ba." Da baki abin kamar wasa. Sai dai wanda ya ƙera ta da alama kwalta ya sani, bai san yashin ƙasar Gaya ba. Taku uku sai bakinta ya nutse, gindinta ya zungure ni a ciki. Sati biyu ina fama kafin na gane a rairayi ɗan ɗaga ta ake yi, ana sassarfa. Daga nan ta fara yi mini magana: ƙarar dangar kara daban, ta katangar ƙasa daban, dandamalin rijiya kuwa tun daga nesa nake gane shi.

Inna ba ta so ba sam. "Kana da idanu cike da gida, ka ce sai ƙarfe? So kake a ce mun yar da kai?" Na ce, "Inna, idanun nan allo da littafi suke jira." Ta yi shiru, amma ranar tuwona ya zo ba man shanu.

Wayar kuma wani karatun ce. Malam ya kunna mini TalkBack, muryar da ke cikin wayoyin Android: ka shafa yatsa ta faɗi abin da ka taɓa, ka ƙwanƙwasa sau biyu ta buɗe. Turanci take yi, in ta zo karanta saƙon Hausa kuwa sai ka rantse Bature ne ya sha kunun kanwa da zafi. Taswirar Google ta san gadar Wudil, ta san titin Kano zuwa Maiduguri, amma burtalin garinmu ba ta san da zamansa ba. Don haka daga ƙofar gida zuwa bakin titi aikin sanda ne da kunne. Abin saurare ɗaya nake sawa, ɗaya kunnen na bar wa babura.

Juma'ar da na ƙudura, na ɗaure igiyoyin da na tufka guda arba'in, na ce yaro ya tafi makaranta. Na bi dangar gonar maƙwabcinmu har tsamiya, na ratse dama inda injin niƙa ke kuka, na fito titi. Kwandasta ya tambaya, "Baba, ina yaronka?" Na ɗaga masa sandar.

A Wudil na sauka lafiya, har na fara jin kaina. Warin kashin shanu da hayaniyar dillalai suka ja ni zuwa kara. Ina tafe sanda na cewa hanya fes, sai ji na yi gau! a goshi. Ashe bayan babbar motar shanu ce a tsaye, sandar ta shige ƙarƙashinta ba ta taɓa komai ba. Malam ya gaya mini, ni na manta: daga ƙugu zuwa ƙasa kaɗai take gani. Reshe, rumfa, ƙahon sa, duk ba ruwanta. Daga baya na ji labarin WeWALK, sandar da aka ƙera a Turkiyya, wadda ke jijjiga a hannu in akwai abu a saitin kai. Kuɗinta dai ba na mai tufka ba ne. Ni hular malafa na koma sawa, bakinta ya riga goshina gaisawa da mutane.

Wani mai shayi ya zaunar da ni, ya goge mini jinin da ruwan ɗumi, bai karɓi ko sisi ba. Cinikin kuwa ya yi albarka. Naira 50 zuwa ƙasa leda ce, hannu ya san ta. Manyan takardu kowace da irin ninkin da nake mata. Wani ya ɗebi igiya goma ya ce ya tura kuɗi ta waya. Na ce, "Alhaji, ɗan dakata." Muka tsaya shiru har Baturiyar aljihuna ta karanto adadin da ƙarfi, mutane suka kwashe da dariya. Ya ce, "Wallahi makahon nan ya fi ni ido."

La'asar sakaliya na shigo burtali da ƙulu a goshi. Na ji takun yaron tun daga tsamiya. Na ɗauka murna ce ta kawo shi.

"Baffa, ina awarata?"

Ashe duk Juma'ar da ya ja ni kasuwa, awarar naira ɗari ce ladansa, kuma bai ga dalilin da zai sa boko ta cinye masa ita ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin damina, ranar da ruwa ya shafe duk alamomin da na haddace tsakanin gida da masallaci.