Motar da aka tuɓe wa riga: tafiyata zuwa Richmond da Auburn

A garejin maƙwabcin ƙanena na fara ganin tsofaffin motocin Ford da aka tuɓe wa riga, a birnin Indianapolis na jihar Indiana, cikin watan Oktoba, lokacin da sanyin Amurka ya fara cizo. Na je ziyarar mako uku ne, ban tafi da niyyar kallon wata mota ba. Ƙanena ya san a gareji na tashi, domin mahaifinmu bakanike ne a Kaduna har ya bar duniya, sai wata safiya ya ce, "Yaya, taso ka ga wani dattijo, ku ne za ku fahimci juna."

Dattijon Bature ne, ya haura saba'in, hannuwansa duk tabon baƙin mai. Kafin ya nuna mini motarsa sai ya jawo wani kwali cike da mujallu. Sunan mujallar The Vintage Ford, ta ƙungiyar masu tsohuwar motar nan ta Ford da ake kira Model T, kuma duk wata biyu take fitowa. Ya ware wasu ya shimfiɗa su a kan benci. A bangon kowacce akwai mota, amma ba irin doguwar baƙar Model T da na saba gani a hotuna ba. Waɗannan gajeru ne, sun kwanta ƙasa, babu rufi, babu ƙofa, wasu ko abin tare taɓo na saman taya babu. Kujera biyu kawai, sai tankin mai zagayayye kamar ganga a bayansu. Wata ja, wata rawaya, wata kuma an bar ta da launin ƙarfenta. Ya ce sunansu speedster, wato motar da aka rage wa kaya domin gudu.

Na daɗe ina juya bangayen nan. Abin da ya kama ni shi ne babu biyu da suka yi kama da juna, kuma dalilin a fili yake: ba kamfani ne ya fitar da su haka ba. Ford ya ƙera Model T daga 1908 zuwa 1927, sama da miliyan 15, har farashin mafi araha ya sauko zuwa dala 260 a 1925. Da suka yi yawa, tsofaffinsu suka zama kamar banza. Motocin gudu na ainihi a lokacin, irin Mercer Raceabout da Stutz Bearcat, kuɗinsu ya kai wajen dala 2,000, sai 'ya'yan masu hali. Shi ke nan sai yaran gona da yaran gareji suka riƙa sayen tsohuwar Ford, su cire mata bodi, su sauke shasi ƙasa, su ɗora kujeru biyu, su fita titi. Kowa da yadda hannunsa ya iya.

Sannan ya yaye tamfol. Tasa ja ce, an gina ta a kan shasin 1920 da wani abu, da ɗan gilashi zagayayye guda ɗaya gaban direba, bai fi faranti ba. Na durƙusa na leƙa inji. Silinda huɗu, kuma a yadda Ford ya fitar da shi ƙarfin doki 20 ne kacal, gudunsa bai cika wuce kilomita 70 a awa ba. Amma kan injin, abin da makanikanmu ke kira tof, ba na Ford ba ne. Akwai rubutu a jiki: Frontenac. Dattijon ya ce a nan Indianapolis aka yi shi, a kamfanin Louis Chevrolet da ɗan'uwansa Arthur. Na yi mamaki ƙwarai, mutumin da motar Chevrolet ke ɗauke da sunansa ya koma ƙera kayan ƙara wa Ford gudu. Dabarar ita ce a ɗauke bawul daga gefen inji a mayar da su sama, injin ya samu numfashi sosai. A 1923 wata Ford mai irin wannan kan ta zo ta biyar a tseren mil 500 na Indianapolis, a tsakiyar motocin da suka ninka ta kuɗi sau da yawa.

Ya tambaye ni ko zan hau. Na ce da gudu ma.

Tayar da ita kaɗai karatu ne. Da hannu ake murɗa ta daga gaba, kuma ya nuna mini yadda ake riƙe ƙarfen: babban yatsa ba ya zagaye shi, yana kwanciya tare da sauran yatsu, don idan injin ya yi tutsu ya dawo baya yana iya karya hannu. A ƙasa feda uku ne, amma babu totur a cikinsu. Ta hagu idan ka danne ta giya ta ɗaya ce, ka sake ta ta shiga ta biyu. Ta tsakiya ribas. Ta dama birki. Totur ɗan sanda ne a ƙarƙashin sitiyari, da yatsa ake ja. Muka fita wata hanyar bayan gari tsakanin gonakin masara da ake girbi. Ban san gudun da muka yi ba, domin babu agogon da ke nunawa, amma iska ta sa idona hawaye, ƙarar salansa ta cika kunnena, kwalta tana wucewa dab da gwiwar hannuna. Na shiga motoci masu gudu a hanyar Kaduna zuwa Zariya, ban taɓa jin gudu a jikina kamar na ranar ba. Bakina bai bar ambaton Allah ba har muka tsaya, kuma da ya ce mu sake zagaye ɗaya ban ƙi ba.

Kwana biyu bayan haka muka ɗauki hanyar Richmond mu uku a motar ƙanena, gabas da Indianapolis, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, kusa da iyakar jihar Ohio. A can gidan tarihin ƙungiyar masu Model T yake, a tsohuwar unguwar tashar jirgin ƙasa. A garin ne kuma suka yi bikin cikar Model T shekara ɗari a 2008. Wurin ba shi da girma, kuma hakan ya yi mini daɗi, domin mutum na iya matsawa kusa ya ga kowace ƙusa. Na ga na farko-farko masu lagireto na tagulla yana ƙyalli, na ga baƙaƙen da suka biyo baya, lokacin da kamfanin ya daina fenti sai baƙi daga 1914 zuwa 1925. Dattijon yana tafe yana nuna mini abin da maginin speedster zai cire da abin da zai bari, kamar mahauci yana nuna yankan nama.

A nan ne tunanin Panteka ya zo mini. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da hannun mutanen wurin ke fitarwa daga ƙarfen da aka zubar. Aikin da yaran Amurka suka yi shekara ɗari da suka wuce, shi ne aikin da na ga mahaifina da abokansa suna yi a kan tsofaffin Peugeot 404 da 504: a ɗauko na wannan a haɗa da na wancan, a yi walda, a gwada, a sake. Bambancin da na gani guda ne, kuma ya tsaya mini a rai. Su sun kafa ƙungiya tun 1965, suna ɗaukar hoton aikin junansu, suna sa shi a bangon mujalla, suna rubuta wane ne ya gina, da me ya gina. Akori-kurar da mahaifina ya tayar daga mutuwa sau biyu ko hotonta ba mu da shi.

Auburn muka je a ƙarshen mako, arewa, an wuce Fort Wayne kaɗan, tafiyar sama da awa biyu. Mun tsaya a wani wurin hutawar matafiya muka yi sallar azahar a kan ciyawa, dattijon yana jiranmu a mota da kofin shayinsa. Gidan tarihin Auburn Cord Duesenberg yana cikin ainihin ginin da kamfanin motoci na Auburn ya gama a 1930, ya kuma zama gidan tarihi a 1974. Daɓen ƙasa yana sheƙi, fitilu na lilo daga sama. A nan na ga speedster ta masu kuɗi: Auburn 851 ta 1935, zanen Gordon Buehrig, bayanta ya tsuke kamar gindin kwalekwale, bututun hayaƙi huɗu masu ƙyalli kamar azurfa sun fito daga gefen bonet. Silinda takwas, ƙarfin doki 150. A gaban direba akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sa hannun direban tsere Ab Jenkins, yana shaida cewa motar ta haura mil 100 a awa. Shekara biyu bayan fitowarta kamfanin ya rufe, a 1937.

Kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba, na zagaye ta sau uku. Amma akwai igiya tsakanina da ita, kuma ba ta warin mai. Zuciyata tana wajen jar motar can ta gareji, wadda aka ƙera maƙallin tankinta da tsohon ƙarfen gado.

Ranar da zan taso dattijon ya ba ni mujalla ɗaya daga kwalin, mai rawayar mota a bango. Da na iso Kaduna na kai ta wajen wani tsohon abokin mahaifina da har yanzu yake zama a bakin gareji, ko da yake idonsa ya yi rauni. Ya kawo bangon kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, yana bin layin shasin da yatsa. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan sun sauke ta ƙasa. Ta gaba na gane yadda suka yi. Ta baya fa, yanka suka yi ko lanƙwasawa?" Na ce yanka ne, Baba, sannan suka ɗaga bayan suka yi walda. Ya gyaɗa kai, ya kira wani yaronsa ya ce ya kawo masa alli.