Tsokar 'yan dambe da jijiyar da ke kwance a kanta

Lokacin da muka shiga darasin ƙirji da kafaɗa a karatun likita nan Sakkwato, hadda zalla na yi. Tsoka kaza ta taso daga nan, ta maƙale can. Na ci jarrabawa, bayan wata biyu kuma rabin abin ya zube.

Wadda ta zauna mini daram ita ce tsokar gefen ƙirji, ƙasan hammata. Tana tasowa daga haƙarƙari takwas na sama, bakinta kamar haƙoran zarto, ta zagaya baya ta kama gefen allon kafaɗa na kusa da ƙashin baya. Ita ke manne allon da jiki, ita ke jawo shi gaba idan aka kai naushi, kuma sai da taimakonta hannu ke ɗaguwa sama da kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa filin dambe ya gan ta, layi-layi a haƙarƙarin ɗan wasa. Jijiyar da ke motsa ta kuwa daga wuya take saukowa, daga saiwa ta 5, ta 6 da ta 7 na jijiyoyin da ke fitowa daga lakar wuya, ta bi saman tsokar a fili, ba kariya.

A littafi layi ɗaya ne wannan. Ban san nauyinsa ba sai da muka fara zagayen marasa lafiya, muka tarar da wata dattijuwa da aka yi wa aikin sankarar mama. Kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan jiki (ba nono ba) da ke tsiyayewa daga mama kaluluwar hammata yake bi, don haka ake kwashe su idan cutar ta kai can, kuma jijiyar nan tana daf da wurin, aikin na iya taɓa ta.

Malaminmu ya ce, "Inna, dafa bango ki tura." Tana turawa allon kafaɗarta ya ɓullo baya kamar fiffike. Na tsaya ina kallo, zuciyata ta yi nauyi. Ita ba fiffiken ya dame ta ba. Cewa ta yi, "Ɗiyata, ɗankwali ma sai an ɗaura mini, balle daka."

Tun ranar, kowace jijiya na karanta sai na tambayi kaina wane aikin gida ne zai tsaya idan ta lalace. Mace kuma da aka yi wa aikin hammata, kafin in duba ɗinkin, sai na tambaye ta ko tana iya ɗaura ɗankwalinta da kanta.